A Shigo Mana da Bagauda da Alau Cikin Aji

 Tun da wannan mujalla ta Ƙungiyar Ɗalibai ta zama dandalin da kowa ke kawo kukansa, mun lura yawancin abin da ake kawowa bai wuce batun ruwan famfo a ɗakunan kwana, da tsadar abinci, da ƙarin kuɗin rajista ba. Dukansu koke-koke ne na gaskiya, ba mu raina ko ɗaya ba. Amma yau mu ɗaliban injiniya mun zo da wani kuka dabam, wanda ya shafi ainihin abin da ya raba mu da gidajen iyayenmu, watau ilmin kansa da yadda ake ba mu shi. Shekara biyar ake tsare mu ana ɗura mana ƙa'idojin lissafi, alhali kuwa da ƙyar ake ajiye mana aiki ɗaya na gaske a gabanmu, wanda aka yi a doron ƙasa, mu ga yadda ya tsaya ko yadda ya faɗi. Muna neman a sake wannan tsari. Muna neman a riƙa koyar da mu bisa mas'ala.

Kada kalmar ta rikita kowa, gama almajirin zaure ma ya san ta. Malamin da ke koyar da rabon gado ba ya tsayawa ga jera wa ɗalibi cewa wane yana da rabi, wance tana da sumuni. In ya ga ƙa'ida ta zauna, sai ya ce masa, "Mutum ya rasu ya bar mata biyu, da uwa, da 'ya'ya mata uku, da ɗan'uwa shaƙiƙi, ga kuma bashi a kansa. To, raba." A nan ne ake gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace. Haka muke nufi a fannin injiniya. A ɗauko wani aiki da aka taɓa yi, gada ce, ko madatsar ruwa, ko bene, ko layin wuta, a zo da zanensa, da bayanin irin ƙasar wurin, da kuɗin da aka ware, da wasiƙun da suka gudana tsakanin injiniya da ɗan kwangila, a shimfiɗa su gaban ɗalibai a ce musu, "Yau ku ne masu sa hannu. Me za ku yi?" A bar su su yi lissafi, su yi gardama, su tsai da shawara, sa'an nan malam ya buɗe musu abin da ya auku a zahiri.

Ku dubi yadda ake yi mana yanzu. Tambaya takan zo a shirye tsaf kamar tuwon da aka kwashe: ga bim mai tsawon mita 6, ga nauyi kaza a tsakiyarsa, ga ƙarfin ƙarfen kaza, nemo lanƙwasarsa. Duk lambobin an ba ka, amsa kuwa ɗaya ce tak, tana nan a bayan littafi. To, a filin aiki wa zai ba ka lambobin? Wa zai gaya maka cewa ɗakin saman da ka zana domin ofis, bayan shekara biyu mai gidan zai mai da shi ma'ajiyar buhunan shinkafa? Wa zai gaya maka cewa yashin da tifa ta sauke a daren jiya yana haɗe da laka, ko cewa rodin da aka rubuta milimita 12 a rasit bai kai haka ba in ka auna? Rabin aikin injiniya shi ne sanin inda lamba ta fito, da sanin lambar da ya kamata a yi shakkarta. Wannan rabin ne aka tsallake mana.

Bari mu kawo misalin da ya fi kowane bayani. A ranar 17 ga Yuli, 1981, a otal ɗin Hyatt Regency da ke birnin Kansas a Amurka, wasu gadojin tafiya guda biyu da aka rataye a cikin babban zauren otal ɗin, ɗaya a bisa ɗaya, suka rufto kan mutanen da suka taru wajen rawa. Mutum 114 suka mutu, fiye da 200 suka jikkata. Da aka bincika, sai aka tarar a zanen farko sandar ƙarfe guda ce doguwa za ta sauko daga rufi, ta ratsa gadar sama, ta isa gadar ƙasa, kowace gada da notin da ke riƙe da ita. Masu haɗa ƙarfen suka ga wannan zai yi wuyar yi, suka ba da shawarar a raba sandar biyu: ɗaya ta riƙe gadar sama daga rufi, ɗaya kuma ta rataye gadar ƙasa a jikin ta sama. Injiniyoyi suka amince ba tare da sun sake lissafi ba. Kowace mace da ta taɓa rataye ƙorai a ragaya za ta gane illar. In kowace ƙwarya an ɗaure ta da kanta a jikin igiyar da ta sauko daga azara, kowane ƙulli nauyin ƙwarya ɗaya ya ɗauka. In kuwa aka rataye ta ƙasa a gindin ta sama, ƙullin sama ya ɗauki nauyin biyu ke nan. Haka nauyin ya ninka a mahaɗar gadar sama, wadda ma tun a zanen farko ƙarfinta bai kai abin da dokar gini ta birnin ta tanada ba. Daga baya aka ƙwace lasin aikin injiniyoyin da ke da alhakin zanen.

Lissafin da zai tona wannan kuskure bai fi ƙarfin ɗalibin aji biyu ba. Injiniyoyin nan ba jahilai ba ne, sun ci jarrabawa irin wadda muke ci, watakila ma da maki mafi yawa. Abin da ya kuɓuce musu shi ne ɗabi'ar tsayawa a tambayi kai: wannan ɗan canjin da aka kawo mini in sa hannu, ina ya mai da nauyi? Ɗalibin da aka ajiye wa zanen nan biyu a aji, aka bar shi ya yi ta juya su har ya gano da kansa, sa'an nan aka gaya masa yawan gawarwakin da aka zaƙulo, ba zai ƙara sa hannu a takarda ido rufe ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Haka labarin gadar Kebek a Kanada, wadda ta rushe cikin Kogin San Lorans ana tsakiyar gina ta a watan Agusta na 1907, ta halaka ma'aikata 75. An ƙara tsawon tsakiyarta daga ƙafa 1,600 zuwa 1,800, amma ba a sake lissafin nauyin ƙarfen gadar kanta yadda ya kamata ba. Makonni kafin ta faɗi, ma'aikata sun ga ƙarafa na lanƙwasa, wani matashin injiniya a wurin ya kai rahoto, babban mai ba da shawara kuwa yana can birnin Niyok, saƙonsa na a daina ƙara kaya bai isa filin aiki a kan kari ba. Haka kuma kumbon Challenger da ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa a ranar 28 ga Janairu, 1986, da mutum bakwai a ciki. A daren jajibere injiniyoyi, ciki har da Roger Boisjoly, sun yi gargaɗin cewa sanyi zai hana zoben robar da ke toshe mahaɗar roka yin aikinsa, amma manyansu suka rinjaye su aka tashi. A wane babi na littafin lissafi ake koya wa yaro yadda zai kalli ubangidansa, wanda ke biyansa albashi, ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ba zan sa hannu ba"? Babu. Sai dai a mas'ala, inda za a sa ɗalibi a kujerar wancan injiniya, a sa abokinsa a kujerar manaja, a ga yadda za su kwashe.

To, amma me ya kai mu har Amurka da Kanada, alhali ga namu a ƙofar gida? A watan Agusta na 1988, bayan mamakon ruwan sama, madatsar ruwa ta Bagauda da ke kudu da Kano, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, ta ɓalle ta yi awon gaba da gonaki da gidaje da rayuka. Madatsar Alau da ke kan Kogin Ngadda, wadda aka gama a tsakiyar shekarun 1980, ta jawo wa Maiduguri ambaliya a 1994, sa'an nan a ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwanta ya sake mamaye birnin, ya shiga Kasuwar Monday, da Asibitin Koyarwa, da gidan namun daji, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallansu. Shekara 30 tsakanin ambaliyar farko da ta biyu, watau an yaye injiniyoyi zubi bayan zubi a tsakaninsu. Muna tambaya: ɗalibin da ke karanta ilmin ruwa da na ƙasa, akwai darasin da ya fi masa waɗannan biyu? Nawa ne ruwan da aka ƙiyasta zai shigo a damina mafi tsanani? Da bayanan ruwan sama na shekara nawa aka yi ƙiyasin? Mafitar rarar ruwa ta isa? Yashi da laka nawa suka taru a ciki tun da aka gina? Wa ke duba jikin bangon, sau nawa a shekara, kuma in ya ga tsaga wa yake gaya wa? Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu kuwa ana shirya mu mu zama masu tsaron bango, amma ba a taɓa nuna mana tsaga ba.

Ba faɗuwar gini kaɗai ce mas'ala ba. Akwai aikin da ya tsaya daram, amma ya kayar da mutane. Madatsar Tiga da aka gama a 1974, da ta Challawa da ta biyo baya a 1992, sun shayar da birnin Kano, sun raya noman rani a Kadawa da Kura, wannan ba mai musu. Amma can ƙasa, a dausayin Haɗeja da Nguru, ambaliyar shekara-shekara da manoman shinkafa da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta ragu, ruwan da ake saki ba ƙaƙƙautawa kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa. Madatsar Bakolori kuwa, a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, wadda kamfanin Italiya ya gina aka gama a 1978, ta raba talakawa da gonakin kakanninsu, ta rage wa fadamun da ke ƙasa da ita ruwa. Da manoma suka tashi neman diyya suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilu na 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka zubar da jini. Bangon Bakolori bai tsage ba, kankarenta ya ci jarrabawa. To, injiniyan da ya zana ta ya yi nasara ko bai yi ba? Wannan tambaya ce da ya kamata ɗalibi ya kwana da ita kafin a ba shi digiri, domin gobe shi ne za a aika ƙauye da abin awo a kafaɗa, dattawa su tare shi su ce, "Yaro, ina za mu koma?"

Ɗaliban gine-gine su ma ga nasu. A ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a Titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ya ruguje, fiye da mutum 40 suka mutu, har da mai ginin. Jaridu sun buga wasiƙar da kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya rubuta tun a farkon 2020, yana janye hannunsa. Ga mas'ala ta gardama: janye hannu ya wadatar, ko kuwa wajibi ne a kai ƙara ga hukuma har sai an tsai da aikin? A ranar 12 ga Yuli, 2024, wata makaranta a unguwar Busa Buji a Jos ta rufta wa yara suna cikin aji, 22 suka rasu. Ɗaliban lantarki kuma ba su manta da watan Oktoba na 2024 ba, sa'ad da yawancin jihohin Arewa suka kwana cikin duhu fiye da mako guda, saboda an lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sa'an nan layin Ugwuaji zuwa Apir da aka jingina da shi ya samu matsala. A ba su taswirar layukan ƙasar nan a ce su nuna inda raunin yake, su faɗi abin da za su yi da kuɗi kaza. Ɗaliban ƙere-ƙere a ba su tarihin Ajaokuta, wadda aka ɗora harsashinta da taimakon Tarayyar Sobiyet tun ƙarshen shekarun 1970, shekaru suka yi ta shuɗewa babbar tanderunta ba ta narka tama ba. Ƙasar da ta tara irin waɗannan darussa masu tsada, wadda ta biya kuɗinsu da rayukan 'ya'yanta, in ta ƙi karanta su ta yi asara sau biyu.

Mun san za a ce mana wannan sabon yayi ne na yara masu gudun wahala. Sam ba sabo ba ne. Tun a 1870 Christopher Langdell ya fara koyar da shari'a a Jami'ar Harvard ta hanyar nazarin ƙararrakin da aka yanke, makarantar kasuwanci ta jami'ar ta bi sahu a shekarun 1920. A 1969 makarantar likitanci ta Jami'ar McMaster a Kanada ta fara ɗora karatunta kan matsalar majinyaci tun daga aji ɗaya. Jami'ar Aalborg a Danmak, tun kafuwarta a 1974, ɗalibanta na injiniya a ƙungiya-ƙungiya suke karatu a kan aiki na gaske kowane zango. Kai, ko a nan gida, 'yan'uwanmu ɗaliban likita zagayen gadaje suke yi bayan malaminsu, ɗaliban shari'a kuma suna kafa kotun gwaji. Maginan gargajiya fa? Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da bakan gizonsa na azara da laka, a bakin gini magina irinsa suke horar da yaransu, hannu cikin ƙasa. Injiniya ne kaɗai aka yarda ya koyi sana'arsa daga allo.

Za a kuma ce mana lissafi ne ƙashin bayan injiniya, in aka shagala da labarai za a yaye masu surutu marasa ƙwarewa. Mun yarda da rabin farko ɗari bisa ɗari. Ba mu ce a rage ko layi ɗaya na lissafi ba, kuma duk ɗalibin da ya zaci mas'ala hutu ce daga lissafi zai sha mamaki. Wanda aka ba zanen Hyatt dole ya zana yadda nauyi ke bi ta kowace mahaɗa. Wanda aka ba Alau dole ya lissafa ruwan da ke shiga da wanda ke fita. Bambancin shi ne yanzu ya san dalilin da ya sa yake lissafin, ya kuma san abin da ke rataye da amsarsa. Ƙa'idar da aka haddace domin jarrabawa takan bi takardar amsa ta fita. Wadda aka nema domin warware wani abu da ya tsaya wa mutum a rai ita ke zama.

Akwai ma hujjar bincike. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara sakamakon nazari 225 da aka yi a darussan kimiyya da lissafi da injiniya, suka tarar a azuzuwan da malam ke lacca zalla kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ke faɗuwa, a waɗanda ake sa ɗalibai aiki da tattaunawa a cikin aji kuwa kusan kashi 22. Koyarwa bisa mas'ala reshe ɗaya ce daga cikin waɗannan hanyoyi, ba ita kaɗai aka auna ba, amma alƙiblar a fili take: kunne kaɗai ba ya ɗaukar ilmi.

Sai kuma a ce mana azuzuwa sun cika maƙil, malamai sun yi kaɗan, albashi ba ya kai wata, kayan ɗakin gwaji sun tsufa. Wannan gaskiya ce, mu ne shaidu, kuma ba mu taɓa ja da baya wajen mara wa malamanmu baya a neman haƙƙinsu ba. Amma ai wannan hujja ce tamu. Injin gwada ƙarfin ƙarfe sai an sayo shi da dala daga waje. Mas'ala kuwa takarda ce 'yar shafi goma, da allo, da malami mai son aikinsa. Aji mai mutum 200 ana iya raba shi ƙungiyoyi na mutum goma goma, ɗaliban digiri na biyu su taimaka wajen zagayawa. Jami'ar da ba ta da kuɗin injuna ita ce ta fi kowa bukatar wannan hanya. Batun kuma cewa ai akwai shirin SIWES, wanda asusun ITF ya kafa tun 1973 domin ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa, muna girmama manufarsa. Sai dai kowa a cikinmu ya san wanda ya yi watanni shidansa yana jiran sa hannu a littafin rahoto, ko yana ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan. Ko wanda ya dace da wurin kirki ma, abin da ya gani ba a dawo da shi aji an tattauna ba. An rubuta, an ba da maki, an jefa a kabad.

Yanzu kuma bari mu juyo kanmu, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai 'yan'uwanmu ɗalibai da za su fi kowa ƙin wannan gyara. Sun saba da takardun lacca da tambayoyin shekarun baya, sun san in suka haddace shafi ashirin a makon jarrabawa za su haye. Mas'ala kuwa ba ta da amsa a bayan littafi, tana bukatar karatu kafin a shigo aji, tana tilasta wa mutum buɗe baki gaban jama'a, kuma a aikin ƙungiya akan sami wanda zai laɓe bayan wahalar wasu. Za su ce sun fi ganewa in malam ya yi bayani sun rubuta. A 2019 Louis Deslauriers da abokansa sun gwada wannan a darasin fizis a Harvard: ɗaliban da aka yi wa lacca mai daɗi sun ce sun fi jin sun koya, amma da aka yi gwaji, waɗanda aka sa suka yi fama da tambayoyi da kansu su suka fi cin maki. Daɗin sauraro dabam, shigar ilmi dabam. Muna gaya wa 'yan'uwanmu da babbar murya: digirin da aka samu da karatun aku zai iya samo maka aiki, amma ba zai riƙe maka bene ba. Ranar da ya rufta, ba makinka za a tambaya ba, sunan da ke kan zane za a nema.

Babban cikas ɗin da ya rage yana wajen harabar jami'a. A Amurka, rahoton binciken Hyatt da na Challenger a buɗe suke, kowane ɗalibi a ko'ina cikin duniya yana iya sauke su ta intanet. A nan kuwa al'adar da muka gada ita ce, in abu ya rushe a kafa kwamiti, kwamiti ya zauna, ya miƙa rahoto gaban 'yan jarida ana ɗaukar hoto, daga nan sai rahoton ya shige kabad. Har abin ya kai ɗalibin Kano ko Maiduguri ya fi sanin dalilin faɗuwar gada a Kebek bisa dalilin ɓallewar madatsar da ta cinye gonar kakansa. Alhali tun 2011 ƙasar nan ke da Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Ya kamata tsangayoyin injiniya su zama na gaba wajen amfani da ita.

Kada kuma a ce mana hannun jami'a a ɗaure yake. A watan Disamba na 2022 hukumar NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhaja wadda ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. A 2023 kuma aka karɓi majalisar COREN a matakin farko na Yarjejeniyar Washinton, wadda ke auna makarantar injiniya da abin da ɗalibinta ya iya yi bayan ya gama, har da warware matsala mai sarƙaƙiya, da aiki cikin ƙungiya, da sanin amanar sana'a. Ƙofa a buɗe take. Abin da ya rage shi ne niyya.

Saboda haka muna gabatar wa Shugaban Tsangaya da Majalisar Jami'a waɗannan bukatu. Na farko, kowane babban darasi daga aji biyu zuwa aji biyar ya ƙunshi aƙalla mas'ala biyu a zango, ɗaya daga cikinsu ta ƙasar nan. Na biyu, a ba mas'ala kaso mai tsoka a makin zango, a kuma saka irinta a jarrabawa, gama ɗalibi ba ya ɗaukar abin da ba ya da maki da muhimmanci. A kuma yi wa kowane ɗan ƙungiya tambaya da baki, domin kada rago ya ci gumin mai himma. Na uku, tsangaya ta rubuta wa hukumomin raya kogunan Haɗeja da Jama'are, da na Sakkwato da Rima, da na Tafkin Chadi, da ma'aikatun ayyuka na jihohi, ta nemi zane-zane da rahotannin tsofaffin ayyuka, a buɗe musu ma'ajiya a laburare. Na huɗu, a riƙa gayyato tsofaffin injiniyoyin da suka yi ritaya, waɗanda suka ga jiya suka ga yau, su zo su ba mu labarin ayyukan da suka yi tun suna da rai da lafiya, a naɗi muryoyinsu a adana. Na biyar, a ba ɗaliban aji biyar damar rubuta mas'ala a matsayin aikinsu na ƙarshe, a kuma mai da rahotannin SIWES masu kyau abin tattaunawa a aji, ta yadda kowane zubi zai bar wa na bayansa gado. Mu kuma a namu ɓangaren, ƙungiyar ɗaliban injiniya a shirye take ta fara zaman tattauna mas'ala ɗaya kowane mako biyu, ko da a gindin bishiya ne, muna kuma roƙon duk malamin da ya ga dacewar abin ya zo ya jagorance mu.

Malamanmu, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mun san cikinku akwai waɗanda tuni suke ɗan tsakuro mana irin waɗannan labarai a ƙarshen lacca, kuma muna shaida muku su ne darussan da ba mu manta ba. Abin da muke nema shi ne a ɗauke su daga gefen darasi a kawo su tsakiya. Nan da 'yan shekaru kaɗan mu ne za mu zana gadar da motarku za ta bi, da ajin da jikokinku za su zauna a ciki, da madatsar da ke saman garinku. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku nuna mana inda na gabanmu suka yi tuntuɓe tun muna hannunku, inda kuskurenmu ba zai ci komai ba sai jan biro. Allah Ya sa mu dace.

Wassalam.